Dandalin Wasa Da Sashe Na Biyar

A watan Fabrairun 2014, makonni kaɗan bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan dokar haramta auren jinsi, wasu gungun mutane suka afka wa unguwar Gishiri a Abuja cikin dare, suka fizgo maza fiye da goma daga ɗakunansu, suka lakaɗa musu duka bisa zargin luwaɗi. Dokar ba ta miƙa wa kowa gora ba. Hukuncinta ɗauri ne, alƙali ke yanke shi, kuma sashe na 33 na kundin tsarin mulki bai ware ran kowa ba. Sai dai an rasa mai faɗa wa jama'a hakan a fili.

Jihar Kaduna na da hanyar faɗa. Tun tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke shiga Samarun Zariya da ƙauyukanta, su saurari damuwar mutane, su mayar musu da ita a dandali, 'yan kallo su yi muhawara. Takwararta ta kudu, Samarun Kataf, ta fi ta sanin abin da gungu ke iyawa: rikicin Zangon Kataf na 1992 a ƙofarta ya faru, na Kafanchan kuwa tun 1987. Mutumin da ya taɓa gudu da iyalinsa saboda jita-jita ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A Amurka irin wannan salo aka bi bayan kisan ɗalibi Matthew Shepard a 1998. 'Yan wasa sun tattauna da mutanen garin Laramie fiye da sau 200, har da masu ƙyamar ɗabi'arsa, suka ɗora kalamansu a dandali a 2000.

Abin da zai tare mai niyyar yin haka a Kafanchan shi ne sashe na 5 na dokar, wanda ya tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai goyon bayan ƙungiyoyi ko tarurrukan masu neman jinsi. Wasan da ke la'antar duka, taron goyon baya ne? Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ne zai fara yanke hukunci, ba kuwa malamin da zai jefa ɗalibansa cikin wannan kasada. Ofishin Antoni Janar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam na iya raba gardamar a takarda guda, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na dokar ba.