Sharhi: Ƙarfen da ke kwance a Riruwai, ilimin da ke Michigan

Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai isa Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Da kuza aka san garin, amma duwatsunsa na ɗauke da wani ma'adini, kwalambayit, wanda daga cikinsa ake fitar da ƙarfen niyobiyum.

Me ake yi da wannan ƙarfe? A watan Mayun 2022, Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ta buɗe cibiyar FRIB, wadda ta laƙume dala miliyan 730. Na'urar cibiyar na harba ƙwayoyin zarra da kusan rabin saurin haske, su daki wani abu su tarwatse. Daga nan ake samun nau'o'in ƙwayar zarra marasa ƙarko, wasunsu ko daƙiƙa ɗaya ba sa kaiwa suke rikiɗewa. Cikin nau'o'i fiye da 3,000 da aka sani, waɗanda ba sa rikiɗewa ba su kai 300 ba. Nazarin sauran na bayyana yadda sinadarai irin su zinariya suka samu a taurari, kuma daga danginsu ake samun sinadaran gano cutar daji da magance ta.

Ɗakunan ƙarfe 324 da ke ingiza ƙwayoyin a FRIB duk da niyobiyum aka ƙera su, domin in aka sanyaya shi matuƙa, lantarki na ratsa shi kusan ba asara. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit. Yau Brazil ce ke riƙe da kasuwar niyobiyum, mu kuwa har yanzu ɗanyen dutse muke aunawa a buhu.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa wasu duwatsun Riruwai na ɗauke da yuraniyum da toriyum, masu fitar da tururin nukiliya. A Jos, bincike ya nuna tarkacen wankin kuza na fitar da irin wannan tururi fiye da ƙasar da ke kewaye. Matashin da ke shaƙar ƙura a rami, da magidancin da ya ɗebi yashin wanki ya yi gini, suna da haƙƙin sanin abin da suke taɓawa.

Gina irin FRIB ba aikin Kano ba ne a yanzu. Amma a Zariya akwai cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 2004 take sarrafa ƙaramin tukunyar nukiliyar bincike, kuma tana iya tantance abin da ke cikin ƙasa da ruwa. Ya kamata gwamnatin Kano ta gayyace ta tare da hukumar NNRA su auna ramuka, rijiyoyi da gonakin Riruwai, a sanar da sakamakon da Hausa a rediyo da masallatai.

Sannan shugabannin Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji su ware guraben tallafin karatu ga ɗaliban fiziks, su kuma samar wa sakandaren yankin malaman kimiyya da kayan gwaji. Duk wanda aka ba lasisin haƙa a Riruwai, a sa masa sharaɗin biyan kuɗin awon nan da na karatun yaran garin.