Kaki Da Ƙuri'a A Ma'aunin Shura

Jama'a, tun da soja suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Nijar cikin 2023, ake jin wasu 'yan'uwa a kasuwannin Kankiya da Kusada suna cewa gara kaki da ƙuri'a. Hujjarsu ita ce Jihar Katsina a 1987 da dukan ƙananan hukumominmu, soja ne suka ƙirƙiro su.

Wannan gaskiya ne, amma a tuna da sauran labarin. A 1975 Janar Murtala ya sallami dubban ma'aikata ba tare da an saurari ta bakinsu ba. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja kuɗi ta rufe iyakoki, fatake suka rasa wurin kai kuka. A Pakistan kuwa, Ziya'ul Haƙ ya ƙwace mulki a 1977 da alkawarin zaɓe cikin kwana 90, ya shekara 11.

Musulunci ya ɗora shugabanci bisa amana da shura, har akwai sura sukutum mai wannan suna. Farar hula in ya ci amana, ana iya tsige shi ran zaɓe, muddin ba mu sayar da ƙuri'armu ba. To, mai bindiga fa, wa zai tuhume shi?

Allah ya ba mu shugabanni adalai, amin.