Ƙauyen da Ingila take sayar wa duniya

Duk wanda ya saba kallon finafinan barkwanci na Birtaniya ya san wannan ƙauye ko da bai taɓa taka Ingila ba. Coci ce ta dutse a tsakiyar gari, mashaya guda, limamin coci mai yawan mantuwa, da wata dattijuwa da ta san sirrin kowane gida. Alhali kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Ingila a birane suke zaune. Ƙauyen fim haja ce da ake kai wa kasuwa, kuma tana da farin jini.

Sai dai kuskure ne a ɗauki finafinan duka a matsayin shirme. Waɗanda suka amsa sunansu, labarin asara suke bayarwa, barkwancin mayafi ne kawai. A The Titfield Thunderbolt, wanda kamfanin Ealing ya fitar a 1953, hukuma ta yanke shawarar rufe layin dogon da ya ratsa wani ƙauye, sai mutanen gari suka karɓi jirgin da kansu: limamin coci ya zama direba, wani attajiri mashayi ya zuba kuɗi saboda an yi masa alkawarin buɗe mashaya a cikin jirgin tun da sassafe. An sha dariya. Bayan shekara goma rahoton Beeching ya ba da shawarar rufe tashoshin jirgi fiye da 2,000, kuma mafi yawan ƙauyukan da abin ya shafa ba su sami limamin da zai cece su ba.

Brassed Off na 1996 ya fi ɗaci. An gina shi a kan Grimethorpe da ke Yorkshire, inda aka rufe mahaƙar kwal a 1993. Shugaban 'yan badujalar mahaƙar, wanda Pete Postlethwaite ya fito a matsayinsa, bai yarda akwai abin da ya kai kiɗa muhimmanci ba, ga shi ƙurar kwal ta cinye masa huhu. Ɗansa kuwa bashi ya yi masa katutu, har yana shigar 'yan kama yana nishaɗantar da yara don ya sami na cefane. A nan baƙin halin mutum yana da tushe, domin shi ne ɗan abin da ya rage wa wanda aka raba da sana'arsa.

Matsalar tana zuwa ne idan aka cire tushen aka bar ado. Port Isaac, ƙauyen masunta a Cornwall, ya fito a Saving Grace a 2000, sannan shirin talabijin na Doc Martin ya shafe shekaru ana ɗaukarsa a can. Masu yawon buɗe ido sun yi ta tururuwa, a yankin da masu kuɗi daga birni suke sayen gidajen hutu har haya ta fi ƙarfin 'ya'yan masuntan. Kyamara ba ta cika juyawa wannan ɓangare ba. Akwai kuma batun wanda ake bari ya shiga hoton: a 2011 an dakatar da furodusan Midsomer Murders bayan ya kare rashin sanya waɗanda ba fararen fata ba a ƙauyukan shirin.

Shi ya sa Hot Fuzz na 2007 ya fi sauran gaskiya, duk da harbe-harbensa. Edgar Wright ya ɗauke shi a Wells, garin da ya tashi. Wani sajan 'yan sanda daga Landan ya iso Sandford, ya tarar da duk mutanen da aka saba gani, masu fara'a da gaisuwa. Daga baya ya gano cewa dattawan gari ne ke kashe duk wanda zai ɓata musu suna, daga mabarata har ɗan jaridar da ba ya iya rubutu daidai, don kada kambun ƙauyen da ya fi kowane kyau a shekara ya kuɓuce musu.