Ra'ayinmu: Kafin a Ɗaure Kayan Zuwa Ikko

Tun da aka sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, akwai tambayar da matan kasuwar Gabi da ƙauyukan gundumar Madarunfa suke yawan aiko mana. Mace ta kwashi adashe, tana so ta je Ikko da ƙafarta karo na farko, ta saro atamfa da leshi da takalma, ta kuma ga teku da idonta. Me za ta zuba a jaka?

Ba mu ga laifin wannan buri ba. Zuwa da kai ya fi aike, kuma matar da ta shekara goma tana sayen kaya hannu na uku a Maraɗi ko Jibiya ta cancanci ta je ta ga inda farashi yake farawa. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake shirin. Za ka ga an sayi sabon akwati, an kai ɗinki kala uku, an yi lalle kamar mai zuwa biki, amma in ka ce, "Hajiya, ina takardarki?" sai a fara laluben ƙasan kwalla.

To, takarda ce kayan farko. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta har sai ta sake yin sanarwa, a gefe guda kuma aka sanar da sabon fasfo na ƙawancen AES. Wannan magana ce ta manya a ofis. A kan hanya, daga Ɗan Isa zuwa Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce mai cike da shingaye, kuma duk wanda takardarsa ta ƙare wa'adi ya san da me ake cike giɓin. Saboda haka muna kira ga hukumomin Madarunfa da shugabannin ƴan kasuwa su fito a rediyo, da Hausa, su faɗa wa mata takamaimai wace takarda ce ake ƙetarawa da ita. Barin su cikin jita-jitar tasha yana cin jarinsu tun kafin su ga kasuwa. A haɗa da katin rigakafin shawara. Allura ɗaya ce, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta isa har iyakar rayuwa, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba a barin ta sai jajibirin tafiya.

Sai kuɗi, kuma a nan ne muke so a saurare mu da kyau. Kowa a Gabi ya san halin da ƴan bindiga suka jefa yankinmu na bakin iyaka. Matar da ta bari kasuwa duka ta ji cewa ta kwashi adashe kuma ranar kaza za ta kama hanya, ta yi wa kanta shela. A yi shiru da ranar, a tashi da rana, a kwana inda dare ya yi. Kada a ɗaure jari duka a lalita ɗaya. A raba, in da hali a tura kaso mafi girma ta hannun ɗan canjin da aka daɗe da sani, a karɓa can. Waɗanda suka sha wahalar canjin takardun naira a farkon 2023, da kuɗi a hannu amma ba mai karɓa, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A kuma ware kuɗin dawowa, da na dako, da na duwan, a manta da su har sai an juyo. Kasuwar Balogun tana da daɗin ido, mai rauni zai iya saye har kuɗin motarsa.

Da yawa ba su san cewa tsakiyar Ikko tsibiri ba ne, ruwa ya kewaye shi. Balogun da Idumota duk a cikinsa suke, kuma daga babban gari gadoji uku ne suke kai mutum: Kata, Eko, da ta ukun da aka buɗe a 1990, mai tsawon kilomita kusan 12. Amfanin sanin wannan shi ne batun masauki. Unguwannin da Hausawa suka fi yawa, kamar Agege da Mil 12 da Idi-Araba, suna wannan ƙetaren ne, kuma cunkoson safe yana iya cinye rabin yinin ciniki. Wadda ta saba ta ɗare kabu-kabu ta sani cewa tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta hana babur ɗaukar fasinja a tsibirin. Ba kuma kowace mota da ta tsaya tana kiran fasinja ake shiga ba; akwai ɓarayin da suke fashi a cikin mota, waɗanda mutanen gari suke kira wan-cans. Matar da ba ta da mai masauki tsayayye, wanda aka yi magana da shi, aka rubuta lambarsa a takarda ba a waya kaɗai ba, shawararmu ta jinkirta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwatin kansa ba abin wahala ba ne. Zane biyu ko uku marasa nauyi, takalmin roba, leda mai kauri ta naɗe takardu, lema, gidan sauro, maganin da aka saba sha, cajar waya, da guzurin da ba ya lalacewa, irin su ƙuli-ƙuli da dabino. Ruwan Ikko ba irin namu ba ne, daminarsu tana somawa tun muna cikin zafin bazara, watan Yuni kuwa tituna kan cika da ruwa, kuma iskar garin mai laima ce, wanki ba ya saurin bushewa. A bar gwal da sarƙa a gida. Rabin jakar ya tafi wayam, ai kaya za a je saro.

Game da teku kuwa, tsofaffin matafiya za su ba ku labarin Babic, bakin ruwan da kowa yake zuwa kallo a da. An cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, kuma yawancin wuraren da suka rage sai an biya kuɗin shiga. A je, a gani, a ɗauki hoto a nuna wa jikoki. Amma wanda iyakar saninsa gulbi ne da Tafkin Madarunfa kada ya gwada shiga, domin igiyar ruwan tana janye ƙasa daga ƙarƙashin ƙafar mutum ko da bai wuce gwiwa ba.

Ga ƙungiyoyin adashe kuma muna da roƙo ɗaya. Kada a bar sabuwar matafiya ta tafi ita kaɗai. A haɗa ta da wadda ta taɓa zuwa, ko da za a tara mata kuɗin mota daga asusun ƙungiya, kuma a rubuta wa ya ba da nawa, me aka ce a sayo masa, kafin mota ta tashi daga tasha.