Zancen Gida: Hawan Dutse Inda Babu Turba

Jama'a, hutun Kirsimeti ya matso. Mun san samarinmu da yawa za su nemi izini su tafi hawan dutse. A ƙasar Filato, Duwatsun Shere ne suka fi jan hankalinsu. Suna gabas da Jos, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga bakin teku, alhali garin Jos kansa yana wajen mita 1,200. Yaro ya hango kan dutsen daga gida, sai ya ce, "Ai ga shi nan kusa, mu yanke ta daji." To, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba mu ce a hana su ba. Hawan dutse yana ƙarfafa jiki, yana koya haƙuri. Amma wanda ya bar turba, ya sani wahalarsa tana wajen saukowa. In kana hawa, ƙololuwa tana gabanka, ita ce jagorarka. In ka juyo, kowane kwazazzabo kama yake da ɗan'uwansa. Haka kuma falalen da ka haye da hannu da ƙafa, wajen sauka ba ka ganin inda za ka sa ƙafarka. Ga gajiya, ga ƙishirwa, rana kuwa da ta faɗi wajen ƙarfe 6, duhu ba ya jira.

Saboda haka ga shawararmu. Ku fita da asuba, ku yanke lokacin juyowa tun daga gida. In ƙarfe 12 ta buga, ko kun kai ko ba ku kai ba, ku juyo. Kuna hawa kuna waiwaye, domin ku gane kamannin hanyar komawa. Kada ku hau inda ba za ku iya sauka ba. Kada ku zura hannu cikin kogo, gama kasa da kububuwa suna fakewa a nan. Da rani, hazo yana ɓoye gari, busasshiyar ciyawa kuma wuta take jira, sai a kiyaye ashana. Da damina, dutse yana santsi, tsawa kuma ta fi faɗa wa tudu.

Kada ku kasa mutum uku: in ɗaya ya karye, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Wayar hannu ba abin dogara ba ce cikin kwari. Ku nemi ja-gora cikin Afizere, mutanen wurin, gama da ɗan gari akan ci gari.

Iyaye, ku tambayi yaro ta ina zai hau, da su wa, yaushe zai dawo. Wanda ya juyo bai ji kunya ba. Dutse yana nan, ba ya ƙaura.

Allah ya kai mu watan gobe lafiya.