Abin Da Aka Binne A Ƙarƙashin Daɓe

A damunar bara na yi wa gidan mahaifiyata kwaskwarima. Muka ƙara banɗaki a cikin ɗakinta, aka shimfiɗa bututun ruwa a ƙasa, aka zuba kankare, aka sa tayil. Kowa ya shigo sai ya ce tubarkalla. Ba a yi wata huɗu ba sai Hajiya ta ce mini tankin da yakan yi mata kwana uku yanzu ba ya kai biyu. Daga nan fenti ya fara ɓarewa a gindin bango, ɗakin ya soma warin danshi. Da aka fasa daɓen, sai muka tarar da gwiwar bututu guda ɗaya da ba a shafa mata isasshen gam ba. Gyaranta bai ɗauki rabin sa'a ba, amma fasawa da sake daɓe da sayen tayil sun cinye fiye da kuɗin aikin famfon gaba ɗaya.

Ban ɗora wa falamban laifi shi kaɗai ba. Ni ne na matsa masa ya gama kafin birkila ya zo, kuma ni ne na zaɓi bututu mai araha domin kuɗin tayil ya isa. Haka yawancinmu muke: muna kashe dukiya a kan abin da baƙo zai gani, muna tsuke hannu a kan abin da ƙasa za ta rufe.

Alhali kuwa ruwa ba ya yafe sakaci. Ɗigo ɗaya a kowane sakan yakan kai kimanin lita 30 a yini, wato ya zarce jarkar mai garuwa. Idan a ƙarƙashin daɓe yake, sai ya riƙa zaizaye cikon ƙasa a ɓoye har kankaren ya zauna ya tsage.

Saboda haka, ya kai mai niyyar gyara gida, ga darasin da na saya da tsada. Da farko, idan bututun zai iya bin bango ko bayan gini, kada a binne shi. Idan ya zama dole, a guji yin mahaɗa a ƙarƙashin kankare. Bututun ƙarfe yana tsatsa. Na PPR, wanda ake haɗawa da injin zafi, ya fi na gam aminci. A shimfiɗa masa yashi mai laushi, kuma a zura shi cikin wani bututu mai faɗi a duk inda zai ratsa siminti. Mafi muhimmanci, kafin a zuba ko da kwano ɗaya na kankare, a toshe bakunan, a cika shi da ruwa, a matsa shi da famfon gwaji, a bar shi ya kwana. Sannan ka ɗauki hoton hanyar da ya bi, ka adana, domin wata rana wani zai zo da guduma.

Malam falamba, kai ma ka tuna cewa aikin da ba mai gani shi ne ma'aunin amanarka. Mu kuma masu gida mu ba shi kwana ɗaya na gwaji, mu biya shi haƙƙinsa. Tun ran gini, in ji Hausawa, tun ran zane.