Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tsangayar Harhaɗa Magunguna Ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato

 

Ina rubuto muku daga Gatawa, a ƙaramar hukumar Sabon Birni, inda rashin tsaro ya sa zuwa asibiti ya zama jan aiki. A nan, in ciki ya ɓaci a dafa sabara ko kalgo, in zazzaɓi ne a nemi dogon yaro. Amma ana yawan tsinkar ganye ba tare da la'akari da lokaci ba, alhali sinadaransa suna hawa suna sauka gwargwadon ruwa, zafin rana da shekarun ganyen.

Ku dubi tazargade. Sinadarin atemisinin da ke cikinsa, wanda ya kai Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ga lambar Nobel a 2015, ya fi yawa dab da lokacin fure. In aka yi gaggawar girbi ko aka makara, ƙarfinsa ya ragu.

Roƙona shi ne ku sa ɗalibanku su riƙa ɗiban ganye daga itatuwa ɗaya a damina, kaka, hunturu da bazara, su shanya shi a inuwa, su auna abin da ke ciki, har da mai cutarwa. Ku yi aikin tare da masu maganin gargajiya, domin su ne suka san daji. Abin da kuka gano kuma ku bayyana shi da Hausa a gidan rediyon Rima, kowa ya san lokacin tsinka da gwargwadon sha.

Allah ya taimake ku.

Naku,
Wani ɗan Gatawa